Ranar da na ɗora wa Kanta ginin da bai taɓa gani ba

Surukaina sun zo daga Gusau makon jiya, uwargida kuma ta ce tunda ni ne malamin makaranta, ni zan kai su Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi. Na saka babbar riga, na shige gaba.

Tun daga bakin ƙofa na fara zuba. Na faɗa musu cewa sarakunan Kabi sun zauna a gidan har 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958, kuma bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Alhaji yana gyaɗa kai, nawa kan kuwa yana ƙara kumbura. Nan na dafa bango, na ɗaga murya na ce, "Baba, wannan katangar da kuke gani, Muhammadu Kanta da kansa ya tsaya aka gina ta, bayan ya kori rundunar Askiya, sarkin Songhai."

Wani tsoho da ke gefe a inuwa yana gyaran homarsa ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malam, Kanta a tsohon birnin Surame ya zauna. Da aka aza tubalin gidan nan ya kusa shekara ɗari uku a ƙasa."

Hannuna yana nan manne da bangon. Na rasa ko in janye shi ko in bar shi, domin janyewar ma kamar amsa laifi ce, sai na shiga shafa ginin kamar mai duba tsagewa. Alhaji ya duƙufa kan carbinsa, Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san 1831 aka gina gidan, ni na rubuta wa ɗalibaina shekarar a allo bara.

Don in farfaɗo, sai na jawo labarin da kakata ta ba ni, cewa sunan Argungu daga kiran Kabawa ne bayan an tarwatsa su, "Ar, mu yi gungu!" Tsohon ya tsinke zare da haƙori, ya ce, "Wannan kam ka ji daidai," da irin muryar da ake yaba wa ɗan aji ɗaya.

Ƙanin matata kuwa, wanda ya ari babur ɗina da sallah ya dawo da shi ba ko ɗigon mai, ashe tun farko wayarsa a sama take. Yaron da ko Surame bai san inda take ba, yau shi ne ke kirana Sarkin Tarihi a gaban 'ya'yana, kuma har yanzu bai biya kuɗin man ba.

A hanyar komawa na saya wa Alhaji giwan ruwa guda. An tsuga mini kuɗi, ban ko taya ba.