Bakano da Bazazzagi a dajin ƙaya

Kwana biyu da sunan jikarsu a birnin Tusan na jihar Arizona a Amurka, ɗan Bakano ya ɗebi mahaifinsa da surukinsa da babban jika ɗan shekara 5, sai gandun dajin Saguwaro, mai sunan wata ƙatuwar murtsunguwa.

Bakano: Nawa na ga ka miƙa?

Yaro: Dala 25, Baba. Kuɗin mota ne, kuma takardar tana aiki har kwana bakwai.

Bakano: Innalillahi! Ni da nake hawa Dala kyauta, yau an karɓi dala don in kalli ƙaya?

Bazazzagi: Ai ba aljihunka aka taɓa ba, bawana.

Bakano: Aljihun ɗana reshen shagona ne.

Yaro: Baba, ga ruwa, ga malafa, ga takalmi rufaffe. Zagayen rabin mil ne kacal, amma ranar nan ba ta da kunya.

Bakano: Ni za a koya wa sahara? Ni da na je Agadas a saman buhunan goro?

(Duk dangi sun san a Damagaram ya sauka, ya ce cikinsa na murɗa.)

Haka ya shiga da babbar riga ta shadda da silifas, yana tafiya yana baza hannun riga kamar mai zuwa ɗaurin auren 'yar gwamna.

Bakano: Tsaya. Wannan kwalta ce nake takawa?

Yaro: Eh, don masu keken guragu da masu tura jarirai.

Bakano: A daji? Unguwarmu zaɓe uku ke nan ana zuwa auna titi, igiyar awon ma ta gaji ta tsinke.

Suka tsaya gindin wata murtsunguwa da ta fi bene tsawo, hannuwa a sama kamar wanda 'yan sanda suka ritsa.

Bakano: Yo wannan ai ƙyarana ce ta samu wuri ta ƙoshi. Da ita kakana ya yi shingen gona.

Bazazzagi ya gyara tabarau ya doshi allo. Mutumin Zariya dai in ya ga rubutu sai ya karanta, ko a jikin buhun siminti ne.

Bazazzagi: Saurara ka ƙaru. Wannan shi ne saguwaro, a hamadar Sonora kaɗai yake fitowa. Mai shekara goma bai fi babban yatsanka ba. Yakan yi shekara 150, wani har 200, kuma sai ya haura 50, wani ya kai 70, kafin ya miƙa hannu na farko.

Bakano: Shekara 70 kafin ya miƙa hannu? Ashe Bazazzagi ne.

Bazazzagi: Da Bakano ne, tun yana tsiro zai miƙo biyu ya ce kawo kafin alƙalami.

Bakano: To ba inuwa, ba ganyen miya. Yana 'ya'ya dai ko?

Yaro: Jajaye, a watan Yuni. Mutanen Tohono O'odham, masu ƙasar na asali, da doguwar sanda suke kaɗo su.

Bakano: Madalla. Tono min ƙarami guda in sa a aljihu, a 'Yan Lemo za a ji labarina.

Yaro: Baba, rufa min asiri! Ko tsakuwa doka ta hana ɗauka a nan.

Bazazzagi: Shi ya sa ya kai 150. A wurinmu da tuni ya zama gawayi, sannan a kafa rumfa a dasa ɗan dogonyaro a ɗauki hoto.

Suka ci gaba. Jika ya riga ya zagaye ya dawo ta bayansu. Wata tsohuwar Baturiya a keken guragu ta wuce su tana murmushi.

Yaro: Baba, tattara rigarka. Waccan gajeriyar mai kama da gashin tunkiya ita ce coya. Gaɓoɓinta a sake suke, rigarka ta ɗan goga ma ta isa.

Bakano: Karangiya ce ta yi boko. Ni da na...

Bazazzagi: Ka je Agadas, mun ji.

Ya kaɗa riga don ya nuna bai tsorata ba. Gaɓa uku suka hau shadda, ɗaya ta sauka kan ɗan yatsan ƙafa, daidai inda silifas ya bar ƙofa a buɗe.

Bakano: Wayyo Allah! Ta yi tsalle! Wallahi da idona na ga ta yi tsalle!

Yaro: Kada ka sa hannu, ƙayar mai ƙugiya ce!

Ya sa. Ta koma hannu. Ya sa ɗayan, ta haɗa su biyu, ya tsaya kamar mai roƙon ruwa. Yaro ya zaro mashaci, wanda don haka masu yawon wurin suke tafe da shi, ya zura a ƙarƙashi ya finciko.

Bazazzagi: Yaya, ɗan sahara? Haka ƙyaranar kakanka take?

Bakano: Ni na kama ta. Ina duba ingancin kaya ne.

Ya karɓe gorar jika ya shanye tas, ya ce kurkure baki yake yi. A mota ya yi shiru yana tsintar ƙaya a aikin wuyan riga, can ya ɗago.

Bakano: Kai, kwana nawa ka ce takardar nan take yi?

Yaro: Bakwai, Baba.

Bakano: To gobe da asuba a tashe ni. Saura shida, ba za a ci kuɗina a banza ba.