Na fitar da iyalina daga birnin Kano, kuma ba karyewa na yi ba

Jiya da la'asar wani tsohon abokin cinikina ya shigo shagona a Fagge karɓar ɗinkinsa. Bayan mun gaisa sai ya sassauta murya ya ce, "Malam, ashe abin da ya faru ke nan? An ce ka mayar da iyali ƙauye. Allah ya mayar da alheri." Jaje ya yi mini, irin wanda ake yi wa mutumin da gobara ta cinye wa shago. Na ce amin, na naɗe masa kayansa ya tafi. Amma maganar ta kwana a raina, domin cikin shekara ɗaya da rabi mutane da yawa sun yi mini irin wannan jajen. Shi ya sa yau na ajiye almakashi na ɗauki waya.

Ni ɗan cikin ganuwa ne. A kusa da Ƙofar Mazugal aka binne cibiyata, a gindin Dala na yi wasan ƙasa, kuma har gobe idan na ji an ce Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka, sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Don haka kada wani ya ɗauka ƙin birni ne ya sa ni wannan rubutu. Abin da nake ƙi shi ne kunyar da muka ɗora wa kanmu, wadda ta sa magidanci zai gwammace ya cusa mata da yara biyar a ɗaki ɗaya, da a ce wane ya koma garin kakanninsa.

Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu mun daɗe da barin birni, sunan ne kawai muka riƙe. Gidan gado ya yi mana kaɗan, aka raba shi ɗaki-ɗaki, wanda ya yi aure sai ya fita neman haya. Ni daga Gwammaja na fara. Kuɗin haya ya tura ni Kurna, daga Kurna ya ƙara tura ni can bayan Rijiyar Lemo, unguwar da ko kwata babu, lungu kuwa in damina ta sauka sai ka tattare wando. Idan aka tambaye ni ina nake sai in ce Kano, alhali kafin in iso shago sai na hau adaidaita sahu biyu. Tsadar birni nake biya, amma birnin da na sani, na zaure da maƙwabcin da ya san kakanka, ya yi mini nisa.

Daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce an cire tallafin mai, lissafin kowa ya rushe. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin adaidaita ya bi ta, kwanon shinkafa ya bi ta, har mai kurar ruwa ya ƙara wa jarka kuɗi, domin shi ma mai rijiyar burtsatsen da yake saya a wurinsa da inji yake tuƙo ruwan. Tela kuwa ba ya iya ninka kuɗin ɗinki haka kawai, saboda mai kawo ɗinkin shi ma a cikin wutar yake.

Akwai wani dare a watan Afrilu da ba zan manta ba. Da rana zafi ya haura digiri 40, kwanon ɗaki ya sha rana ya ƙoshi, wuta kuwa kwana uku ba mu gan ta ba. Ciki da falo muke haya a gidan da iyali huɗu suke raba tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya. Ƙarfe biyun dare na fito na tarar da maiɗakina zaune a bakin ƙofa, ta shimfiɗa yara a tabarma, tana jiƙa tsumma a ɗan ruwan da ya rage a jarka tana goga wa ƙaramin a baya saboda ƙurajen zafi, ɗaya hannun kuma da mafici. Ba ta ce mini komai ba. A satin nan ne kuma aka tare wani saurayi a bakin lungunmu da magariba, aka sare shi a hannu saboda waya, kuma babban ɗana namiji, mai shekara 12, ya ba ni labarin yana kiran sunayen 'yan dabar da laƙabinsu, kamar yana lissafa 'yan ƙwallo. Wannan ya fi zafin ranar tayar mini da hankali.

Mahaifiyata 'yar wani ƙaramin gari ce a yankin Wudil. Akwai kangon kakanmu a can, ɗakuna uku da rijiya da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Na je na samu kawuna, na durƙusa na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Gidanku ne, ɗan nan. Wa zai hana ka gidanku?" Ya kai ni wurin mai unguwa muka yi gaisuwa, aka yi addu'a.

A nan ne na yi kuskuren da shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Na gama shawara da kawu, na gama da Hajiya, na gama da Yaya, har na yi magana da birkila, sannan na zo na sanar da matar da za ta zauna a gidan. Sanarwa, ba shawara ba. Ta yi shiru har na gama, sannan ta ce, "Abban Hanifa, kai kullum za ka shigo gari, ka ga abokanka, ka yi sallah a masallacin da ka saba. Ni fa? Wa na sani a can?"

Ban samu amsa ba, domin ban taɓa lissafa abin da take da shi a birni ba. Mahaifiyarta tana Gwammaja, in ta ji ciwon kai adaidaita ɗaya ce tsakaninsu. Tana da Islamiyyar matan aure da take zuwa da dare, ta kusa sauka. Tana da adashi da matan layi, tana da masu zuwa kitso da ƙunshi waɗanda suka san hannunta, da kuɗin take yi wa kanta sutura ta kai gudummawar biki ba tare da ta miƙa mini hannu ba. Duk wannan dukiya ce, kuma ba ta shiga a-kori-kura. Mu maza idan muna lissafin ƙaura, haya muke gani da buhun hatsi. Mace kuwa mutanenta take bari. Duk wanda ya kwashi iyalinsa ya kai ƙauye ya ajiye kamar kaya, shi ya dawo birni yana harkarsa, to bai rage wahala ba, sauke ta ya yi daga kansa ya ɗora a kan wadda ba za ta iya kai ƙara ko'ina ba. Na ga masu yin haka, kuma na ga inda auren ya ƙare.

Wata takwas muka ɗauka kafin mu tashi. Na kai ta garin sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina, don ta ga hanya a ranar da ta fi muni. Ta kafa sharuɗɗa, na karɓa: a sa sola ko da ta fanka biyu da ƙwai huɗu ce, a kewaye mata banɗaki nata, a saya mata injin markaɗe, kuma duk ƙarshen wata ta zo gida ta kwana biyu. Na sayar da keken ɗinki ɗaya daga cikin ukun da nake da su na cika.

Abin da muka samu ba sai na tsawaita ba. Ruwa a tsakar gida. Da kaka ina sayen gero da dawa da wake a hannun manomi, kafin su bi ta hannun dillalai uku su iso birni. Nono Fulani ne suke kawowa har ƙofa. Ranar Juma'a kasuwar Wudil tana ci, wadda shanunta ake lodawa har kudancin ƙasar nan, kuma abin da mutum yake nema na cefane zai samu. Yaron nan da yake haddace laƙabin 'yan daba yanzu yana da tunkiya biyu, kawu yana tafiya da shi gona, in ya yi ba daidai ba a ƙarshen gari, kafin ya iso gida labari ya riga shi. A can har yanzu ɗa na kowa ne.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zan ɓoye yoyon ba.

A watan Agustan da ya wuce, zazzaɓi ya kama ƙaramar 'yarmu cikin dare har ta fara jijjiga. Ina Kano. Ƙaramin asibitin garin a rufe, mai kula da shi ba a garin yake kwana ba. Ruwa ya cika hanyar da ke fita zuwa kwalta, mota ba ta shiga. Ɗan kawuna ne ya goya uwar da yarinyar a babur, wani ya bi su da fitila, a wani wurin sai da suka sauka suka tura. Ni kuwa ina tsaye a bakin titi ƙarfe ɗayan dare, waya a kunne, babu abin da zan iya sai salati. Allah ya sa sun isa babban asibiti a kan lokaci, aka yi mata allurai ta farfaɗo. Da na iso da asuba maiɗakina ba ta yi mini gori ba, kallona kawai ta yi, kuma na fahimta. Da a birni ne, ko a ƙafa ka isa wurin da za a duba yaro. Tun daga ranar ba na barin gidan babu gidan sauro da ma'aunin zafi, kuma na yi yarjejeniya da wani mai mota a garin da ke bakin kwalta.

Makaranta ma haka. Firamaren garin ajujuwa a cike, malamai kaɗan, dole na haɗa kuɗi da wasu iyaye biyu muka ɗauki wani ɗalibin jami'a yana yi wa yara darasi da yamma. Ba wai ilimi a birni kaɗai yake ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka kafa a 1977, sun fitar da likitoci da injiniyoyin da jihar nan take alfahari da su, kuma ba a cikin ganuwa suke ba. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Wudil, kwalejin horar da 'yan sanda tana Wudil, kwalejin ilimi ta tarayya tana Bichi, ta aikin gona tana Dambatta. Matsalar tana tushe, wurin da yaro zai koyi karatu da lissafi kafin ya kai can. Sannan ga wata: Hanifa shekararta 14, tuni wasu gwaggonni sun fara tambayar yaushe za a sha biki. Na faɗa musu cikin ladabi cewa karatu za ta yi, kuma na san sai na maimaita sau ɗari.

Kuma ba kowane gari ake komawa ba. Abin da ya faru a Shanono da Tsanyawa a 2025, inda 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga iyakar Katsina, ya isa ya sa mutum ya yi bincike kafin ya ɗauki yara ya kai. A tambayi direbobin hanyar, a tambayi matan garin, ba dattawan zaure kaɗai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan yoyon duk mai toshuwa ne. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, amma takwas ɗin da suka haɗa birni da kewaye, Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Ungogo da Kumbotso, su ne suke haɗiye mutane da ayyuka. A ƙidayar 2006 an ce mu miliyan 9.4 ne a jihar, yau kuwa kowa ya tsaya a Ƙofar Ruwa ko Kabuga da yamma ya san an ninka lissafi. Mun cike kududdufai mun yi gini, mun cinye gonakin Ungogo da Kumbotso, sannan muna mamakin ambaliya da zafi. Audu Bako da ya gina madatsar Tiga, ruwanta ne har yau yake riƙe da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, kuma mutanen da suke samun abinci a can ba su zo sun ƙara mana cunkoso ba. Gadar sama tana da amfani, ina bi ta kanta. Amma ma'aikaciyar jinya ɗaya da za ta kwana a asibitin ƙaramin gari, da kwalbati ɗaya a hanyar da ruwa ke yankewa, za su sa magidanta da yawa su yi abin da na yi ba tare da fargaba ba.

Ni kaina ina biyan nawa kason. Daga Asabar zuwa Alhamis a ɗakin zauren gidanmu na cikin gari nake kwana, abincin Hajiya nake ci. Idan sallah ta matso, sati biyu nake yi ban ga yarana ba, sai murya a waya. Wata sallah na kai su kallon Hawan Daushe, na ɗora ƙaramin a wuya a Ƙofar Kudu kamar yadda mahaifina ya yi mini, na ga bai san sunan ko hakimi ɗaya ba, abin ya sosa mini rai.

Mun yi alkawari da maiɗakina: idan Hanifa ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, za mu sake zama mu biyu, ba kawu ba Yaya, mu auna. In ta ce a dawo, zan nemi haya in dawo da su, ko da kuwa bayan Rijiyar Lemon ne. Watan jiya na tambaye ta ko ta fara tunanin amsarta, ta ce, "Bari dai lokacin ya zo." Injin markaɗenta yana aiki, ta tara mata shida suna karatun dare a tsakar gida, amma har yanzu idan ta dawo daga Gwammaja sai ta yi kwana biyu ba ta da walwala.

Yau Alhamis. Ta turo saƙo tun safe: lalle da turaren wuta daga Kurmi, littafin lissafi na aji biyar, da bel ɗin injin da ya tsinke shekaranjiya. Saura riga ɗaya in sa wa maɓalli, in biya wurin surukata in karɓi ƙullin da ta ce a kai wa jikokinta, sannan in kama titin Maiduguri kafin magariba.