Ƴan wasan Broadway ba mamin suke yi ba

Mutane da yawa in suka ga bidiyon wasan waƙa na Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasan dandamali a Niyok, sai su ɗauka mamin ne, wai wani ya rera a situdiyo shi kuma jarumi yana motsa baki kamar yadda muka saba gani a fim ɗin Indiya da namu na Kannywood. Wallahi ba haka bane. Da bakinsu suke rerawa a gaban jama'a, ga makaɗa a wani rami gaban dandamali suna kiɗa kai tsaye, ƴar makirfo ɗin ma a cikin gashi ake ɓoye ta shi yasa baka ganinta.

Kuma fa sau 8 a sati ake yi, yawanci Litinin kaɗai ce hutu, babu a tsaya a sake ɗauka, in murya ta dishe sai dai mai jiran ko-ta-kwana ya hau.

Ɗauki Audra McDonald, wata jarumar Broadway, waƙa ta karanta a makarantar Juilliard, ta ci kyautar Tony, wato lambar yabon ƴan wasan Broadway, karon farko a 1994, yanzu guda 6 gareta. Ni dai yana min ciwo in ji ance wannan baiwar Allah motsa baki kawai take.