Shin duk ƙasar nan babu wata cuta sai maleriya da taifot?

Ina so masu asibitin kuɗi da masu ɗakin gwajin jini da 'yan kemis na unguwanni su taru su gaya mana gaskiya. Cututtuka biyu ne kacal suka rage a ƙasar nan? Domin duk uwar da ta saɓa yaro mai zazzaɓi ta nufi wajenku ta san amsar da za ta dawo da ita tun ba ta sa takalmi ba. Maleriya da taifot. In aka ga kin ɗan yi shiga mai kyau, a ƙara miki da ƙarin ruwa leda biyu da kwanan gado.

'Yata shekararta uku. Tun kafin daminar bara zazzaɓi ke zuwar mata yana tafiya. Jiki ya ɗau zafi rau, ta ƙi abinci, ta kwanta lamo na 'yan kwanaki, sai kuma ta miƙe garau ta koma wasanta. Mu ce alhamdu lillahi, an rabu. Kafin wata ya zagayo ya dawo. Ya zo da damina, ya zo da hunturu, ya zo a tsakiyar bazara lokacin da sauron ma ya yi ƙaranci. Cikin gidan sauro take kwana, kuma duk zagayen da masu rabon maganin rigakafin maleriya na damina suka yi gida-gida ta sha nata, ba fashi. Duk da haka har yau ban samu mutum ɗaya a waɗannan asibitoci na unguwa da ya aje biro ya ce, "Tsaya, me ya sa yake dawowa?" ba.

Ga yadda ake yi. Ki shiga, ki gaida likita, ya amsa kansa na kan takarda. "Me ke damunta?" Ki ce zazzaɓi. Kafin ki kai ga cewa wannan ba shi ne karon farko ba, ya riga ya rubuta gwaji ya miƙo. Bai leƙa kunnenta ba, bai ce ta buɗe baki ya ga maƙogwaro ba, bai taɓa wuyanta ko cikinta ba. Wani lokaci ko ma'aunin zafin jiki ba a sa mata, bayan hannu kawai nas za ta ɗora a goshi. Ɗakin gwajin yana bayan wannan ƙofa, wurin sayar da magani yana bayan waccan, kuma duka na mutum ɗaya ne. To don Allah, wanda shi ke rubuta gwaji, shi ke yin gwajin, shi ke sayar da maganin, yaushe za ki ji ya ce, "Hajiya, ba a ga komai ba, je ki gida ki ba ta ruwa da farasitamol, in ya ƙi ki dawo jibi"?

Ni ba likita ba ce, malamar makaranta ce. Amma wahala ta sa na yi tambaya, na yi karatu, kuma abin da na gano game da gwajin taifot ɗin nan da ake kira Widal shi ya fi ƙona min rai. Wani likita Bafaranshe ne ya fito da shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake nema ba. Abin da yake aunawa shi ne alamar da garkuwar jiki ke bari idan ta taɓa cin karo da ƙwayar taifot ko 'yan uwanta. A garin da rabinmu ruwan 'yan garuwa muke sha, mutane da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da wannan alama a jininsu. Ita kanta maleriya tana iya sa gwajin ya nuna akwai taifot alhali babu. Ki ɗebi jinin direban Adaidaita Sahun da ya kawo ki, lafiyarsa ƙalau, ba mamaki a rubuta masa 1/80 ko 1/160 a ce ya kwanta a ƙara masa ruwa. Gwajin da ake dogara da shi shi ne a ɗebi jini a raine shi a ɗakin gwaji har ƙwayar ta tsiro a gan ta, a kuma gane maganin da ke kashe ta. Yana ɗaukar kwanaki, yana da tsada, kuma sai manyan asibitoci. Duk wanda ya yi karatun likita ya san wannan. Sun sani, amma na minti goma shi ke kawo ciniki.

Kada wani ya ce ina raina maleriya. Wa zai raina ta a Arewa? Kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da ita a duk duniya 'yan Najeriya ne, kuma ƙananan yara ta fi kashewa. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a yi masa gwajinta a ranar, wannan ba gardama, tun 2010 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Abin da ba a gaya mana shi ne, ɗan gwajin nan na gaggawa da ake ɗiga wa jinin yatsa yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan yaro ya sha magani ya warke. Kuma a inda sauro ya yi yawa yaro kan iya ɗaukar ƙwayar kaɗan a jini, amma abin da ke sa shi zazzaɓin wani ne daban. An ga "filos ɗaya", wato 'yar ƙwayar maleriya kaɗan a takardar gwaji, an rufe littafi. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu ɗauka ma maleriyar ce kowane wata. To ai wannan kansa abin bincike ne. Maganin jabu aka sayar mana? Awon bai yi daidai da nauyinta ba? (Sau nawa aka taɓa ɗora ta a kan sikeli kafin a rubuta magani? Da ido ake aunawa.) Ta amayar da shi ne? Sabon cizo ne? Kowace daga cikin tambayoyin nan tana da amsa, amma sai an yi ta. Maimakon haka sai a ce wancan maganin "bai karɓe ta ba," a koma allura. Maganin sha na kwana uku da gwamnati ta amince da shi tun da aka daina kulorakwin a 2005 ya zama na talaka, allura ita ce ta masu gata, duk da cewa an tanadi allurar ne don maleriya mai tsanani ko yaron da ba ya iya haɗiyar magani. Cinyoyin yarinyar nan sun sha huji har in ta hango farar riga sai ta ƙwalla ƙara ta maƙale ni.

Wata 'yar uwata nas ce ta fara lissafa min abubuwan da kan sa zazzaɓi ya riƙa dawo wa ƙaramin yaro, na riƙe baki. Ciwon mafitsara, wanda ya fi kama yara mata, kuma yaro ba ya iya cewa fitsari na yi masa zafi, sai dai zazzaɓi kawai, gwajin fitsari ne ke tona shi. Ciwon kunne. Kumburin maƙogwaro. Tarin fuka, wanda a jikin yara ba dole ya zo da tari mai yawa ba, sai rama da zazzaɓi. Sikila, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Akwai cutar da ake ɗauka daga nonon shanu ko na awaki da ba a tafasa ba, mu kuwa da fura da nono ba ma rabuwa. Akwai wani zazzaɓi da likitocin yara suka bayyana a 1987, mai zuwa a kan ƙa'ida duk bayan 'yan makonni, da ƙuraje a baki da kumburin kaluluwar wuya, wanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi masa komai. Akwai masu ban tsoro irin kansar jini, Allah ya raba mu, ba su da yawa amma jinkiri ke sa su gagara. Akwai kuma mafi sauƙi, wato mura da 'yan cututtukan da yara ke kwasa a wajen wasa, har sau shida zuwa takwas a shekara, masu wucewa da kansu. Ban ce 'yata tana da ko ɗaya a ciki ba. Cewa nake, duk tsawon lokacin nan ba wanda ya ce in kawo fitsarinta, ba wanda ya tambaye ni ko ni da babanta muna ɗauke da sikila a jininmu, ba wanda ya tambaya ko akwai mai tari a gidan.

Sannan ga rashin ajiye bayani. Kowane zuwa sabon zuwa ne. Katin da kika yanka wancan watan ya ɓace, ki yanki wani. In an same shi, layi biyu ne a ciki da ba mai iya karantawa. Likitan da ya gan ki jiya ba shi ne na yau ba. Da kaina na sayi littafin rubutu irin na ɗalibaina da ma'aunin zafi, ina rubuta ranar da ya fara, awon da ya kai, abin da ta sha, ranar da ya sauka. Na miƙa wa wani likita, ya dube shi a wulaƙance ya ce, "Hajiya, ke ce likitan ko ni?"

Idan asibiti ya kasa ba da amsa, gida ne ke cike gurbin. Surukata ta ce haƙori ne. Na ce, "Hajiya, ai haƙoranta sun gama fitowa." Ta ce, "Ku dai yaran zamani ba a gaya muku magana, mu da me muka raini iyayenku?" Maƙwabciya ta ce beli ne, a kira wanzami ya cire. Wata ta ce a dubi lamarin da kyau, akwai baki, akwai maita. An kawo rubutu, an kawo jiƙe-jiƙe, an kawo hayaƙi. Addu'a kam muna yi dare da rana, amma aska ba za ta shiga bakin 'yata ba, na faɗa wa babanta ƙarara, shi ma ya tsaya min. Kuma duk mai cewa in sayo ruwan maganin haƙori, ina tuna masa da My Pikin, wanda ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009. Duk da haka ba na ganin laifin tsofaffin nan sosai. Sun ga an kai yarinya asibiti an kawo, an kai an kawo, kuɗi sun ƙare, ciwo na nan. Me za su ce?

Shi kuwa ɗan kemis, lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba shi izinin yin allura ko rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Amma leƙa bayan labulensa da magariba ki ga yara a jere ana tsira musu. Ina masu ba da lasisin? Maganin da ya kamata a ɓoye don ranar da ciwo ya yi tsanani ana ɗura wa yara shi a kan mura, har ƙwayoyin cutar su saba da shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi ci. Ga tsada. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 kuɗin magani ya ninka, albashi kuwa kafin ya motsa kasuwa ta riga ta cinye shi.

Za a ce in tafi asibitin gwamnati. Na je. Ki fito da asuba, ki tarar da layi ya riga ki, likita ɗaya da mata cike da rumfa, kowace da yaro a kafaɗa. Shi kansa abin tausayi ne, abokan karatunsa sun tafi Saudiyya da Ingila sun bar shi da taron. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi ba mu taɓa cika shi ba, shi ya sa sama da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihunmu yake fita. Amma a can ne dai, bayan doguwar jira, na samu likitar yara da ta karɓi littafina ta karanta shafi-shafi, ta duba kunne, ta duba wuya, ta ɗora ta a sikeli, ta rubuta gwajin fitsari da na sikila da cikakken awon jini da hoton ƙirji. Allah ya saka mata da alheri. Ta ce in zazzaɓin ya dawo a ɗebi jinin da za a raina kafin a ba ta kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin na ɓoye cutar. Ta kuma ja kunnena cewa in na ga jijjiga, ko numfashi sama-sama, ko ta kasa shan komai, ko barcin da ba a iya tashinta, kada in jira kowa.

Na ɗauki takardar na nufi ɗakin gwaji. Wannan kayan aikinsa sun ƙare, a je waje. Wancan injin ya lalace. Hoton ƙirji sai an kawo wuta. Ranar komawa wajen likitar kuma an sa min ita can gaba da nisa, in ba a shiga yajin aiki kafin nan ba.

Ana cikin haka, daren Juma'ar da ta wuce jikin ya sake ɗaukar zafi. Babu abin hawa zuwa cikin gari a wannan lokaci, dole muka koma na unguwa. Na nuna takardar likitar yara, na ce a gwada maleriya, amma kada a yi mata Widal, kada a sa mata allurar kashe ƙwayoyin cuta sai an ɗebi jinin da aka ce. Likitan wurin ya ce su ba sa yin wannan gwajin. Na ce to a rubuta min a katinta abin da aka gani da awon zafinta, in kai wa likitarta. Ya tura min katin ta kan tebur ya ce in ba magani na zo saya ba in ba na bayana wuri.