Akwatin Kawu da hoton Landan

Jiya ƙanena ya turo mini wani tsohon hoto a WhatsApp, wai in faɗi ko wane ne. Mutum ne cikin kwat, ya ware hannuwa a tsakiyar Piccadilly Circus a Landan, kamar garin na ubansa ne. Mike Eghan ke nan, ɗan Sekondi-Takoradi, lokacin yana gabatar da shirin kiɗa a BBC. Shekarar 1967. Wanda ya ɗauka kuwa James Barnor ne, ɗan Accra.

Tun da na ga hoton nan barci ya ƙaurace mini, kuma ba Landan ce ta hana ni ba.

Barnor an haife shi a 1929. Ya yi wa jaridar Daily Graphic ta Ghana aiki tun farkon fitowarta a 1950, ya buɗe shagonsa Ever Young a Jamestown, ya ɗauki Nkrumah, ya yi wa mujallar Drum aiki, ya tafi Ingila a 1959. Bayan kimanin shekara goma ya dawo ya kafa wurin wankin hoto mai kala na farko a Ghana. Duk wannan an sani. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne sai da ya haura tamanin duniya ta waiwayo shi da gaske, har aka yi masa babban baje koli a gidan baje kolin Serpentine na Landan a 2021. Da bai riƙe fim ɗinsa ba duk tsawon shekarun nan, me za a baje?

To mu fa, a zango?

Kawuna mai hoto ne a unguwar Nima da ke Accra. Babu suna, babu aure, babu saukar Alƙur'ani, babu rakiyar alhazai da za a yi a unguwarmu ba shi. Ina iya tuna shi ranar Sallah, kyamara a wuya, yana ce wa tsofaffi, "Hajiya, a ɗan gyara mayafi, kada a ƙifta." Ga labulen da ke shagonsa mai zanen jirgin sama, wanda rabin samarin unguwar Mamobi suka tsaya gabansa suka aika wa dangi a Kumasi. Da gidajen FM masu zaman kansu suka yawaita, sai ya samu fili na Hausa a wani gidan rediyo, daren Asabar, gaishe-gaishe da sanarwar rasuwa da hira da dattawa. Shi ya san fuskar kowa, kowa ya san muryarsa. Har yau in na shiga trotro, wato motar haya, na faɗi sunansa, sai wani dattijo ya waigo.

Ya rasu, Allah ya jiƙansa. Fim ɗinsa da kaset-kaset ɗin shirinsa duk suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Kullum cewa muke za mu duba. Ruwan 3 ga Yuni 2015, daren da aka yi asarar rayuka a shataletalen Circle na Accra, ya shiga ɗakin. Da muka buɗe akwatin bayan kwana biyu, fim ɗin ya manne wuri guda kamar alewa a rana, ga wari. Mahaifiyata ta ɗaga ɗaya ta duba a haske ko za ta ga uwarta. Ba ta ga komai ba. Ta mayar, ta wanke hannu, ba ta ce uffan ba.

Ba na ɗora wa ruwa laifi. Mu ne. Mun iya kashe kuɗi a ɗinkin anko na yini ɗaya, amma mai hoto a wurinmu ɗan aike ne, mai rediyo kuma mai surutu. Sai ɗalibi ya zo neman tarihin zango mu ce masa, ai waɗanda suka sani sun mutu.

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan tafi Aboabo wurin gwaggona, an ce tana da kundin hotuna biyu daga hannun Kawu. Duk wanda iyayensa suka zauna Nima ko Mamobi, don Allah ya juya bayan tsofaffin hotunan gidansu. In akwai hatimin shago mai shuɗin tawada, ya ɗauka da waya, gaba da baya, ya turo mini ta akwatin saƙo.