Ka nemi kesin marar ƙara, a ce ba saye ya kawo ka ba

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutar tebur da hannunsa a Kano ya san inda gizo ke saƙar. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da RAM, wato ma'ajiyar aikinta ta wucin gadi, ana samu, ko da tsada. Amma ka shiga kasuwar kayan kwamfuta ka ce kesin kake so, wato akwatin da ake harhaɗa kayan kwamfutar a ciki, wanda ba ya ƙara, nan ne za ka ga wulaƙanci. Shekara da shekaru kaya iri ɗaya ake jibge mana: siririn kwano, gilashi gaba da gefe, fankoki masu fitilu ja da kore, ba takardar bayani, ba garanti. Mun daɗe muna haɗiyewa. Abin da aka yi wa wani matashi a gaban jama'a cikin makon nan ne ya ƙure haƙuri.

Yaron yana da ɗan situdiyo inda yake naɗar karatu da tallan rediyo, kuma makirufonsa na ɗaukar kukan fankokin kwamfutarsa. Buƙatarsa ke nan, ba ado ya zo nema ba. Ya yi sallama, ya gaida mai shago da ladabi, ya ce, "Alhaji, don Allah akwai kesin marar ƙara?" Alhaji ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba, da haɓa ya nuna kanta. "Duk sailen ne. Kai, sauko masa da mai fanka shida." Yaron shago ya sauko da na gwaji da hannu ɗaya, saboda ba shi da nauyin komai. Matashin ya sa babban yatsa ya danna murfin gefe, ƙarfen ya lotsa ya dawo da ƙara ɓam. Ya leƙa ciki ya ce, "Alhaji, fankokin nan masu fil huɗu ne, ko Molex ne?" Sai a lokacin Alhaji ya ɗago. "Fanka ai fanka ce. Tana juyawa ko ba ta juyawa?" Matashin ya danne, ya nuna wani kwali a can sama ya ce ko za a buɗe masa ya auna, domin na'urar sanyaya firosesarsa tsayinta milimita 165 ne. "In an yanka salatif ka saya." "To in na kai gida bai rufu ba fa?" Alhaji ya nuna takardar da ke manne a bango, wadda ta ce kayan da ya fita ba ya dawowa, sannan ya ɗaga murya yadda maƙwabtan shago za su ji: "Malam, saye ya kawo ka ko jarrabawa? In shiru kake so ka kashe kwamfutar mana. Masu kuɗi ba sa wannan tambaye-tambayen." Aka kwashe da dariya. Yaron ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya fita.

Wallahi babu tambaya ɗaya cikin tambayoyinsa da ba a kan hanya take ba, kuma wanda ke cin abinci da sayar da kesin ya kamata ya amsa su ko daga barci aka tashe shi.

Danna murfin da ya yi, kaurin ƙarfe yake dubawa. Kesin na kirki ƙarfensa kan kai milimita 0.7 zuwa 0.8, na arha kuwa wajen 0.5 ko ƙasa. Had disk mai juyi 7,200 a minti yana girgiza, fankoki ma haka, siririn kwano kuma sai ya karɓi girgizar ya yi ta gurnani. Shi ya sa kesin da aka ƙera don shiru, irin su Define 7 na kamfanin Fractal Design na Suwidin, ko Silent Base 802 na kamfanin be quiet! na Jamus, suke da nauyi. Define 7 shi kaɗai ba komai a ciki ya haura kilo 13. An liƙa wa murafensu shimfiɗa mai danne sauti, mazaunin had disk kuma yana kan ƙananan robobi don kada ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Kesin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya yana lilo da shi ba zai taɓa yin shiru ba, ko me aka buga a jikin kwalinsa.

Maganar fanka ta fi ƙona rai. Fankar Molex kai tsaye take shan bolt 12 daga fawa fak, wato na'urar da ke ba kayan kwamfuta wuta, kwamfutar ba ta iya rage mata gudu, daga kunnawa har kashewa a ƙure take. Mai fil uku ana rage ta ta hanyar rage ƙarfin wuta. Mai fil huɗu, wadda ake kira PWM, modabod, wato babban allon da ake jona dukkan kayan kwamfuta a kai, ita ce ke juya ta: ka shiga BIOS, wato shafin saitin modabod, ka tsara mata ta yi tafiyar hawainiya idan firosesa ba ta aiki, ta ƙara gudu idan zafi ya hau. Girma ma da bambanci. Fanka mai milimita 140 tana tura iskar da mai 120 za ta tura ba tare da ta yi gudu kamarta ba, kuma gudun ne ke kawo kuka. Yawan fanka ba shiru ba ne: duk lokacin da ka ninka adadinsu ƙara na hawa da kusan desibel 3 a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙarin desibel 10 kuma kunne kan ji shi kamar an ninka ƙarar. Ga kuma boris ɗin fankokin arha, wanda mansa ke bushewa da wuri a zafi irin namu. Kafin shekara ta zagayo fanka shidan nan da ake taƙama da su sun koma kamar injin markaɗe.

Awo kuwa ba iyayi ba ne. Modabod mai girman da ake kira ATX milimita 305 ce da 244. Na'urar sanyaya firosesa irin Noctua NH-D15 tsayinta 165, alhali kesin ɗin arha da yawa ba su wuce 155 ko 160 ba, murfi ba zai rufu ba. Katin hoto na zamani, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ke fita a allo, yakan haura milimita 300 a tsawo, ya tokare fankar gaba. Mutum ya biya kuɗinsa, ya kai gida ya tarar bai shiga ba, a ce masa ba a mayarwa, kuma tun farko an hana shi aunawa. Wannan zalunci ne.

Akwai abin da ko masu kawo kaya masu kyau ba sa faɗa wa mutane. Kesin mai rufaffiyar fuska da soso a ciki an gwada shi ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba. Mu kuwa a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan haka firosesa da katin hoto za su ƙara. Da sun doshi digiri 90 fankoki za su ƙure gudu, kesin ɗin da aka saya don shiru ya fi kesin mai raga a gaba ihu, a wajen 95 zuwa 100 kuma firosesa ta fara rage wa kanta aiki. Dalilin da ya sa Silent Base 802 ke zuwa da murafe iri biyu ke nan, rufaffe da mai raga. A ɗakin da ba AC, mai raga a gaba ya fi: fanka biyu ko uku masu 140 suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Iskar da ke shiga ta fi mai fita yawa, don ƙura ta bi ta matata maimakon ta kutso ta kowace kafa. Matatar ta zama mai zarewa ba sai an kwance noti ba, domin da hunturu duk mako biyu sai an kakkaɓe ta, kuma in za a hura da bulowa a riƙe fiffiken fanka kada ta juya. A ɗora kesin a kan tebur ko benci, kada a ajiye shi a kan kafet. Fawa fak ɗin da ake haɗowa kyauta cikin kesin ɗin arha, wadda ba ta da shaidar ingancin amfani da wuta ta 80 Plus, a cire ta tun kafin ta ƙona modabod. Mafi muni duka shi ne abin da ya cika kasuwarmu, gilashi a gaba da 'yar siririyar kafa a gefe. Bai tare ƙara ba, bai bar iska ta shiga ba.

Me ya sa shara kaɗai ke iso mana? Kesin kaya ne mai cin wuri da nauyi, kuɗin dakonsa da dala ake biya, kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ma da farashin dala ake lissafa shi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Ɗan kasuwa sai ya zaɓi mafi sauƙin nauyi da arha ya cika kwantena, ya bar fitilu su yi masa talla. Ina masu duba ingancin kayan da ke shigowa ƙasa? Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar duba kaya kafin ya biya, da damar mayar da abin da bai dace da aikin da ya bayyana wa mai sayarwa ba. Amma takardun "ba a mayar da kaya" suna nan manne a bango shago bayan shago.

Ga wuta. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta kwashe kwanaki a duhu. Yaron da ke fafutukar rage ƙarar fanka don aikinsa ya fita tsaf, janaretan maƙwabci na ruri a bakin tagarsa, ga shi ba wutar kunna AC balle ɗakin ya yi sanyin da fankoki za su lafa.

Mu ma da namu laifin. Da ido muke sayayya, wanda ya yi tambaya kuma sai a ɗauke shi matsiyaci ko mai iyayi, har waɗanda gobe su za a cuta suna taya mai shago dariya. Shugabannin kasuwannin nan suna karɓar kuɗin ƙungiya. Me zai hana su wajabta wa kowane shago ya ajiye samfur ɗaya a buɗe na kowane irin kesin, da tef ɗin awo, da soket ɗin da za a jona fankoki mai saye ya ji kukansu da kunnensa kafin ya tura kuɗi?