Lasifika biyar a jere gaban talabijin ba hom tiyata ba ne

Mafi yawan gidajen da suke da hom tiyata a Zariya, daga Samaru zuwa Tudun Wada har cikin birni, sun biya kuɗin lasifika biyar amma sautin biyu suke ji, kuma laifin ba na na'urar ba ne. Abin da aka saba shi ne a sayo kwali daga Sabon Gari ko PZ, a fito da dogayen lasifikun nan masu ƙyalli, a tsayar da su dama da hagu na talabijin kamar jeren amarya, a tura wufa ƙarƙashin teburi, sannan a murɗa ƙara har gilashin taga ya fara rawa. Ra'ayina shi ne wurin da aka ajiye lasifika da yanayin falon sun fi sunan kamfani da yawan wat tasiri a kan abin da kunne zai ji, kuma wanda ya fahimci haka zai kashe kuɗi kaɗan ya samu sautin da ya fi na mai tsada.

Batun wat shi ne tarkon farko. Za ka ga an rubuta wat dubu uku ko dubu biyar a jikin kwali da manyan haruffa, kusa da shi kuma an sa PMPO da ƙananan haruffa. Wannan lissafi ne na talla wanda ba shi da ma'aunin da aka amince da shi, domin yana nufin wani ƙarfi da na'urar za ta iya kaiwa na ƙiftawar ido kawai. Lambar da take da ma'ana ita ce ta RMS, wato ƙarfin da na'urar take iya ci gaba da fitarwa. Idan mai shago bai san ta ba, sai ka juya na'urar ka karanta yawan wutar da take ja daga soket, tunda babu na'urar da za ta dinga fitar da ƙarfin da ya wuce wanda take sha. Ko a RMS ɗin ma bai kamata a ruɗu ba, saboda ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Saboda haka bambancin da ke tsakanin amfilifaya mai wat 80 da mai wat 100 bai kai a ƙara masa ko naira ɗaya ba.

Abin da ya fi cancanta a saurara a shago shi ne muryar mutum. Masu sayarwa sun fi son su sa maka kiɗa mai bas domin ƙirjinka ya girgiza, amma kai ka nemi a sa maka labarai ko fim da ake magana a cikinsa, a rage ƙara, ka ji ko kalmomi suna fita tar. A tsarin 5.1, wato lasifika biyar da wufa ɗaya, kusan duk maganar 'yan wasa daga lasifikar tsakiya take fitowa, kuma ita ce kamfanoni masu araha suka fi yi wa rowa. Idan ta kasance ƙarama marar ƙarfi, za ka kwana kana ƙara murya lokacin hira kana ragewa lokacin harbi. Ya kamata kuma lasifiku ukun gaba su zama na kamfani ɗaya da samfuri ɗaya, domin idan mota ta wuce daga hagu zuwa dama a allo kada muryarta ta canja a tsakiyar hanya.

Game da jerawa, akwai ƙa'idar da masu haɗa sautin fim suke aiki da ita a ɗakunansu, wadda hukumar sadarwa ta duniya ITU ta rubuta mai lamba BS.775. Ta ce lasifikar tsakiya ta fuskanci mai kallo kai tsaye, ta dama da ta hagu su buɗe digiri 30 kowace, na kewaye biyun kuma su kasance wajen digiri 110, wato a gefen mai zama, sun ɗan koma baya kaɗan. Ba sai an nemi abin auna kusurwa ba. Idan tsakaninka da talabijin mita uku ne, to lasifikar dama da ta hagu su yi kusan mita uku tsakaninsu, a ɗan karkato da fuskarsu wajen kujerar da ka fi zama. Ta tsakiya a sa ta daidai ƙarƙashin allo ko samansa, a bakin katako, ba a can cikin durowa ba inda murya za ta toshe. Tsayinsu ya yi daidai da kunnen wanda yake zaune, kuma a nan sai kowa ya dubi gidansa: littattafan da ke zuwa cikin kwali suna lissafi ne da mai zama a kushin, kusan mita ɗaya daga ƙasa, alhali a gidajenmu da yawa iyali a kan kafet suke kallo. Idan haka gidanka yake, sauko da lasifikun ƙasa ko ka sunkuyar da fuskarsu, kada ka maƙala su kusa da silin kamar yadda wasu masu haɗawa suke yi don su ɓoye waya.

Matsalar da ta fi yawa ita ce ta lasifikun kewaye, saboda falonmu kujeru ake jerawa a jikin bango, babbar kushin kuma ta manne da bangon baya. A irin wannan falo babu baya da za a sa komai. Mafita ita ce a rataye su a bangon dama da na hagu, daidai da kujerar, sama da kunne da kamar rabin mita, suna fuskantar juna. Wanda falonsa yake haka kuma ya je ya sayi 7.1 ya zubar da kuɗinsa, domin ƙarin lasifiku biyun suna bukatar fili a bayan mai kallo. Haka ma Dolby Atmos, wanda ya fara a sinima a 2012 ya kuma ƙara sauti daga sama, ba zai yi wa mai ɗaki ɗaya a gidan haya wani amfani ba. Ga ɗalibi a Samaru ko Kongo, ko ango mai ciki da falo, lasifika biyu masu kyau da wufa ɗaya sun fi ƙananan gwangwanaye biyar, musamman da yake mafi yawan finafinan Hausa da ake kallo a YouTube sautinsu hanya biyu ne tun daga tushe, babu abin da aka ware wa lasifikun baya.

Wufa ita ce ta fi wahalar sha'ani, kuma ita ce aka fi ajiyewa da ka. Sauti mai kauri da ke ƙasa da haz 80, wato girgiza 80 a daƙiƙa, kunne ba ya iya gane inda yake fitowa sosai, shi ya sa ake cewa ana iya ajiye ta ko'ina, amma wannan rabin magana ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar sauti mai haz 80 tsawonta ya wuce mita huɗu, kusan faɗin falon gaba ɗaya. Irin waɗannan dogayen igiyoyi suna bugun bango su dawo su haɗu da masu zuwa, sai a samu wani wuri a ɗakin bas ya yi yawa har ya dame komai, wani wurin kuma ya ɓace kamar an kashe wufar. Ɗakunanmu na ƙafa 12 da 12 su ne suka fi shan wannan wahala, domin tsawo da faɗi ɗaya ne, dukansu suna ƙarfafa sauti guda wajen haz 47. Akwai dabara mai sauƙi da ba ta cin ko kwabo: ka ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, ka sa kiɗa mai bas, sannan ka bi gindin bango a durƙushe kana saurare, inda ka ji bas ya fita daidai ba tare da gunji ba, nan ne mazauninta. Kusurwa tana ƙara mata ƙarfi, amma sau da yawa ƙarfin gunji ne. Janye kushin daga bango ko da taƙi biyu ne ma yana rage damewar.

Sai falon kansa. Yayin da ake yi yanzu na tayil a ƙasa, POP a sama, bangon siminti mai santsi da tagogin gilashi yana da kyau a ido, amma duk abubuwa ne masu mayar da sauti. Ka tsaya tsakiyar falo ka tafa hannu sau ɗaya, idan ka ji amsa-kuwwa mai kaifi, to ita ce take haɗiye maganar 'yan fim. Kafet mai kauri tsakanin talabijin da kujera, da labule mai nauyi a taga, za su gyara sauti fiye da sabuwar amfilifaya.

A kan waya kuwa mutane sun kasu biyu, kuma duka biyun suna asara. Wasu suna amfani da siririyar wayar da ta zo cikin kwali, su yi mata ƙari da kowane guntu suka samu su naɗe da salatif, wasu kuma an gamsar da su cewa sai waya mai kan zinariya da ta kusa kuɗin lasifikar. Abin da ake bukata a wayar lasifika shi ne jan ƙarfe na gaske mai isasshen kauri. Ga lasifika mai om 8 (om ma'aunin turjiyarta ga wuta ne), waya mai kaurin milimita 1.5 ta isa har kusan mita 15. Idan lasifikar mai om 4 ce, ko kuma wayar za ta zagaya babban falo, a ɗauki mai 2.5. Abin da za a kiyaye a kasuwa shi ne wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ba ta ɗaukar wuta kamar ta asali, tana kuma saurin karyewa a bakin maɗauri. A kankare bakinta da reza, idan cikinta ya fito fari to ba ita ba ce. Wajen ɗaurawa a tabbata ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowace lasifika, domin idan aka juya guda ɗaya bas zai ragu, murya kuma ta rasa tsakiya. A murɗe zaren wayar da kyau, tunda sili ɗaya da ya kuɓuce ya taɓa ɗan'uwansa yana iya ƙona amfilifaya.

Wayar da ke zuwa wufa ta fi saurin ɗaukar gurnanin wutar lantarki, don haka kada a haɗa ta a kwance da wayar soket, idan dole su haɗu to su gitta juna. Mai gini a Hanwa ko Danmagaji da bai yi filasta ba tukuna ya sa a binne bututun roba zuwa wuraren da lasifiku za su zauna, hakan ya fi fasa bango daga baya, kuma wayar da aka jefa tsirara cikin silin abincin ɓera ce. Tsakanin talabijin da amfilifaya a nemi ramin HDMI da aka rubuta wa ARC, mai kai sautin talabijin zuwa amfilifaya, wanda ya shigo da HDMI 1.4 a 2009, ko eARC da ya zo da 2.1 a 2017. Wayar HDMI mai matsakaicin farashi tana ba da hoto da sauti iri ɗaya da mai tsada muddin tana aiki kuma ba ta yi tsawo ainun ba.

Masu sayen amfilifaya 'yar kwatano su duba bayanta kafin su soka, saboda wadda aka yi don Amurka bolt 120 take sha, namu kuwa 230 ne, kuma ba ta ba da dama ta biyu. Da yadda wutarmu take hawa da sauka, da sauyawa zuwa janareto, sitabilaiza ba ado ba ce. Da damina a cire filogi da wayar dish idan hadari ya taso da tsawa. Da hunturu kuma ƙura tana sa matan gida su lulluɓe na'ura da ƙyalle, wanda ba laifi ba ne idan tana kashe, amma a yaye shi kafin a kunna domin ta saman take fitar da zafi.

Bas ya fi kowane sauti ratsa bangon bulo, don haka abin da kake ji a matsayin daɗi maƙwabcinka a gidan haya gunji kawai yake ji a gadonsa. Mafi yawan amfilifayoyi suna da tsarin dare, wanda yake danne ƙarar fashewa ya ɗaga muryar magana. Bayan sallar isha'i a kunna shi, a rage wufa, a kuma ɗora ta a kan roba mai kauri ko nannaɗaɗɗiyar darduma maimakon tayil tsirara, nesa da bangon da kuka haɗa da maƙwabci.